Tururuwa a Ludayi

Shafi na 19

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu cewa na bar Ummusalama da takalmi a hannu na tafi yawona, to ga ni. Ke kuma da kika ce in Inna Jummare ta sake taɓa yaron nan za ki shigo labarin da kanki ki rama mata, zauna tukuna ki sha ruwa. Ba ki gama sanin tsohuwar nan ba.

*

Ummusalama na durƙushe tana ɗaure igiyar takalmin gudunta aka yaye labulen ɗakin ba sallama. Ba sai ta ɗaga kai ba, ƙamshin gahawar jabana da citta ya riga ya gaya mata uwar mijinta ce.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya. Cire abin nan."

"Wanne?"

"Kin fi ni sani."

Inna Jummare na tsaye a bakin ƙofa, ta saɓa Jibril a kafaɗa. Yaron ya yi laushi, don 'yan kwanakin nan gudawa ta sa shi gaba. Koko ya ƙi, nonon akuya ya ƙi, ko ruwa aka kai masa baki sai ya kawar da kai. Nonon uwarsa kaɗai yake karɓa.

Kuma yau ce ranar. Yau za a yi tseren mata a filin wasan Gadarif, nan ƙasar Sudan, wadda ta zo gaba ta wuce Kasala da tawaga. Tun da Ummusalama ta yi arba'in ta koma gudu. Da asuba ta bi gefen kor, busasshen rafin da ya ratsa gari, ta dawo ta yi shara ta ɗora kisra, wainar dawar nan ta Sudan. In an aike ta kai niƙa da gudu take zuwa, har matan unguwa suka daina tambayarta ko gobara ake yi. Duk don wannan safiyar.

"Inna, haƙori ne yake damunsa. Ustaza Zuwaira ma ta ce haka."

"Ustaza Zuwaira ta haifi nawa?"

Ummusalama ta ci gaba da ɗaure igiyar. Malamar da ke horar da su ko aure ba ta yi ba, amsar ba za ta taimaki kowa ba.

"Nonon da aka yi gudu da shi tafasasshe ne," in ji Inna. "Ki fita kina sukuwa kamar wadda kura ta koro, ki dawo jikinki na tururi, ki tura wa maigidana a baki. Ba dole cikinsa ya tsinke ba?"

"Wallahi sai na yi wanka na huce nake ba shi."

"Fata ce take hucewa, 'yar nan. Abin da ke ciki yana nan da zafinsa."

Sai ga Rakiya ta leƙo ta bayan Inna, tana sunkuyar da kai kamar wadda ta ci bashin kunya. Ƙanwar mijin Ummusalama ce, tana aure a Ƙala'at an-Nahal, jiya ta iso a lorin Ɗanliti wai ta zo gaida gida. A hannunta akwai ƙunshi. Ummusalama ta gane zanen da aka yi ƙunshin da shi, ta kuma gane 'yar hular da ta leƙo ta gefe.

Ta saki igiyar takalmin.

"Rakiya, kayan Jibril ne a hannunki?"

"Matar Yaya, ni aiko ni aka yi."

"Yaye za a yi," Inna ta katse su. "Yau lorin Ɗanliti zai koma. Rakiya za ta tafi da shi, ta riƙe shi har ya manta da nono."

"Yaye? Inna, ko tafiya bai fara ba."

"Gara ya yi kuka a can da mu yi kuka a nan."

"Baban Jibril shi ya ba ni izinin gudun nan."

"Harisu yana Gedambaliya yana bin tarakta. In ya dawo ya zo ya same ni."

Haka take kiran sunan, gatsal, Harisu, alhali kowa ya san shi ne babba a ɗakinta, kuma wace Bahaushiya ce take faɗin sunan ɗan fari? Matan unguwa har tsokanarta suke yi, wai zaman Sudan ya cinye mata kunya. Amma jikan nan, da ita da kanta ta zaɓa masa suna ranar suna ta kafe a kai, ba a taɓa jin ta ce Jibril ba. Kullum maigidana.

Ummusalama ta kai hannu ga igiyar takalmin. Ta fara kwancewa.

"To na fasa. Na cire takalmin, ba zan je ba. Ki bar mini ɗana."

Ta faɗa, amma sai da ta ji kamar an zare mata wani abu daga ƙirji. Asuba nawa ta fita cikin sanyi? Gori nawa ta haɗiye?

Inna ta girgiza kai.

"Ko kin ƙone takalmin, abin da ya lalace ya lalace. Kalas, an gama. Rakiya, wuce."

A nan ne Ummusalama ta miƙe. Ita kanta ba ta san za ta yi magana ba sai da ta ji muryarta.

"A gwada."

"A gwada me?"

"Nonon. Kamar yadda ungozoma ta yi mini ranar da na haihu. A tatsa a ludayi, a saka tururuwa. In ta fito da ranta nono lafiya lau, in ta mutu ya lalace. Ba ke kika kawo ludayin ranar ba, Inna?"

Tsohuwar ta kalle ta sama da ƙasa, sai ta yi wata 'yar dariya.

"Yanzu? Da nonon da ya kwana ya sha iska? Kafin a haife ki na san wayo, ya bitti, 'yar nan."

"To ba yanzu ba. Ki biyo ni fili. Ina gama tsere, da zufata da hakina, ko ruwa ban sha ba, a tatsa a gabanki."

Rakiya ta zaro ido. Inna ta gyara wa yaron kwanciya a kafaɗa.

"In ta mutu fa?"

"Ni da hannuna zan goya wa Rakiya shi."

"Ba kuka, ba kai ƙara wurin Harisu?"

"Babu."

"In ta rayu?"

"Ki bar mini ɗana, ki bar mini takalmina."

Daga can kasuwar riɗi aka ji wani lori yana gwada injinsa. Kowa a Gadarif ya san ɗabi'ar Ɗanliti: in ya gama lodi sai ya danna odar nan tasa mai kama da algaita, ta farko don fasinja su hau, ta biyu kuma motar ta riga ta ɗaga. Wanda ya rasa ta sai wata ranar kasuwa.

"Tayyib," in ji Inna. "Na yarda."

"To miƙo shi in ba shi kafin mu fita."

"Ba na ce..."

"Ke kika ce na safe ya sha iska, Inna."

Rakiya ta toshe baki da gefen tob ɗinta, mayafin nan na matan Sudan. Inna ta harare ta, ta harari surukar, amma ta miƙa yaron, don bakin da ya furta ba ya lashewa.

Jibril ya kama da zafin nama, yatsunsa na dafe da rigarta. Yana cikin sha ya datse ta da dasashi har sai da ta cije leɓe. Wani abu ne mai kaifi a wurin, ƙanƙani, ta ji shi sarai. Haƙori ne, amma ba ta nuna wa Inna ba. Ta san ko haƙorin ya fito ya yi sallama Inna ba za ta amsa ba.

Da ya ƙoshi ta ɗauki majanyinsa, wanda take goya shi da shi, ta ɗaure ƙirjinta tamau ta ƙarƙashin riga. Dabarar da ta gano ke nan tun da ta koma fili. Mai shayarwa ba ta gudu sakaka, in ba haka ba zagaye ɗaya za ta yi ta zauna.

Tana fitowa ta tarar da Inna tsugune a gindin rumbu da kwalin ashana a hannu, tana bin tururuwa da ido. Wannan ta wuce ta ƙyale ta, waccan ma ta ƙyale.

"Inna, duk ba ɗaya ba ne?" in ji Rakiya.

"Mai ƙarfi nake nema. Kada gobe a ce na kai mata gurguwa."

Ta samu wata ƙatuwa baƙa tana jan ƙwayar dawa, ta lallaɓa ta cikin kwalin, ta jefa mata riɗi biyu don guzuri. Ta soke ludayi a ƙugu. Rakiya ta goya Jibril, suka kama hanya a jere.

*

Filin ya cika ya batse. 'Yan makaranta sun jeru da tutoci, masu gyaɗa da masu shayi na ratsa mutane, lasifika na ta ƙara kamar za ta tsage. An yi wa mata rakuba a gefe ɗaya, rumfar ciyawa doguwa, ta cika da tob kala-kala.

Ustaza Zuwaira ta taho da sauri, usur na lilo a wuyanta.

"Ina kika shiga? Har an kira sunanki. Wannan hajiyar fa?"

"Surukata ce."

"Ma sha Allah. Kallo ta zo?"

"Shari'a ta zo."

Ustaza ta kalli ludayin da ke ƙugun tsohuwar, ta kalli Ummusalama.

"Bayan tsere kya ba ni labari. Saurara. Kin ga doguwar can? Daga Doka take. Ba miji, ba goyo, ba tuwon dare, ita gudu kawai ta sani. Za ta fita da wuta. Kada ki bi ta, ki zauna a bayanta har a buga ƙararrawa."

"Na ji."

"Kin ci wani abu?"

"Na ci faɗa."

"Ya isa. Yalla, mu je."

Suka jeru a kan farin layi. Mita dubu da ɗari biyar ne, zagaye huɗu ba kaɗan. Ummusalama ta gyara ɗankwalinta, ta taɓa kullin majanyin ta kan riga, ta yi bismilla. Ta waiga rakuba. Ga Inna a gaba-gaba, ta zauna ƙyam kamar alƙali. Ga Rakiya a gefenta tana jijjiga goyo.

Aka busa usur.

'Yar Doka ta fita kamar an harbo ta, wasu biyu suka bi ta a guje. Ummusalama ta bar su. Ƙafarta ta san aikinta, numfashinta ya zauna, ƙasar filin ta fi gefen kor laushi nesa ba kusa ba. Daɗi ya kama ta, irin wanda ba ta iya yi wa kowa bayaninsa. A gida ita matar Harisu ce, uwar Jibril, surukar Inna, mai tuwo, mai wanki. A nan ita ce kawai da iska.

A zagaye na biyu biyun nan suka fara haki, ta wuce su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo daidai rakuba ta saci kallo. Inna ta sunkuya tana yi wa Rakiya magana a kunne. Ummusalama ba ta kawo komai a ranta ba, ta ɗauka gulmar wandonta suke yi.

A na uku wani jariri ya tsala kuka cikin taron. Ba ma nata ba ne, amma jiki bai san wannan ba. Nan take ƙirjinta ya amsa, ta ji majanyin ya jiƙe, nauyi ya sauko mata. Ƙafarta ta ɗan rikice. 'Yar Doka ta ƙara nisa.

"Ummusalama, ɗaga kai," Ustaza ke ihu daga gefen layi. "Ɗaga kai, ki bar kallon ƙasa."

Aka buga ƙararrawa.

To jama'a, a nan ne aka ga bambancin wadda ta koyi gudu a fili da wadda ta koye shi da tiren niƙa a ka, tuwo na jiranta a murhu. Ummusalama ta buɗe ƙafa. Tazarar ta fara raguwa. Ta fara jin numfashin yarinyar, ta fara ganin zufar da ke bin wuyanta. Fili ya ɗauka gaba ɗaya.

"Mai goyo, mai goyo, mai goyo."

Ko wa ya fara oho, amma har mazan da ke kan katanga sun kama. Matan unguwarsu da ke mata gori da safe su ne suka fi kowa tsalle.

A kwanar ƙarshe suka jera kafaɗa da kafaɗa. 'Yar Doka ta waigo, kuma waigen nan ne ya cuce ta. Ummusalama ta wuce. Ta gefen ido ta hango Inna a tsaye ita kaɗai, bakinta a rufe gam, amma ƙafarta ɗaya na dukan ƙasa ba ta sani ba.

Zaren ya taɓa ƙirjinta ya tsinke.

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Ustaza ta rungume ta tana dariya tana hawaye, tana cewa Kasala, Kasala. Wata ta miƙo mata ruwa a kofi. Ummusalama ta ture kofin, ta ratsa mutane tana haki har gaban tsohuwar.

"Inna. Ludayi."

*

Labari ba ya buƙatar lasifika a cikin mata. Kafin su zagaya bayan rakuba kowa ta ji abin da ake ciki. Wasu suka warware tob ɗinsu suka kama gefe da gefe, suka yi musu labule. Sauran suka cusa kai ta sama.

Ummusalama ta durƙusa, ta kwance majanyin. Zufa na ɗiga daga haɓarta. Ba ta sha wahalar tatsa ba, kafin ka ce kwabo ludayin ya kai rabi.

"Taɓa ki ji, Inna. Da zafinsa, kada a ce na jira ya huce."

Inna ta riƙe gindin ludayin a tafinta. Ta gyaɗa kai. Ta zaro kwalin ashana, ta tura shi a hankali, ta karkata.

Tururuwar ta faɗa tsakiya.

Ba ka jin komai sai hakin Ummusalama.

Tururuwar ta juya. Ta sake juyawa. Ƙafafunta na ta motsi amma ba ta zuwa ko'ina.

"Ta gaji," wata ta raɗa.

"Rufe mana baki."

Sai ta tsaya cik.

Ummusalama ta ji duniyar ta tsaya tare da ita. Ta yi alkawari a gaban Rakiya. Da hannunta za ta goya wa Rakiya shi. Wace irin wauta ce ta sa ta ɗora ɗanta a kan ƙwaro? Ya Allah, ta ce a ranta, ba don ni ba, don yaron da ba ya cin komai.

Ƙafa ɗaya ta motsa.

Sai ta biyu.

Tururuwar ta miƙa, ta doshi gefe. Ta kama bakin ludayin, ta zame ta koma. Mata suka ja numfashi tare. Ta sake kamawa, ta ja jiki, ta ja, ta haye. Ta bi mariƙin ludayin, ta tsaya tana goge fuska da ƙafafun gaba kamar baƙuwar da ta gama cin walima, sannan ta hau ɗan yatsan Inna ta yi gaba abinta.

Guɗar da aka yi a bayan rakuba ta fi ta tseren. Ustaza Zuwaira, mai cewa duk wannan camfi ne, ita ce ta fara rangaɗawa, har da busa usur.

Ummusalama na dariya tana share ido ta juyo wurin surukarta, ta shirya jin "sa'a ce" ko "a sake". Ba ta ji ko ɗaya ba.

Inna na zaune a ƙasa dirshan. Tana kallon tururuwar da ke yawo a bayan hannunta.

"Ashe ba ya kisa," ta ce.

"Inna?"

"Ashe ba ya kisa."

Guɗar ta mutu a hankali. Ummusalama ta matsa kusa.

"Inna, lafiya?"

"A ƙafa muka zo ƙasar nan, 'yar nan. Daga Haɗeja, ni da baban su Harisu, da niyyar Makka. Ina yarinya, ban kai ki ba. Da goyo a bayana."

"Goyo? Ai a nan Gadarif aka haifi Baban Jibril."

"Harisu na biyu ne."

Wata tsohuwa cikin masu riƙe da tob ta ce, "La ilaha illallahu."

"Kafin mu shiga Fashir ya fara gudawa. Uwar ayarinmu ta ce nonona ya tafasa da tafiya, in na ci gaba da ba shi zan kashe shi. Suka cire shi daga ƙirjina. Suka goya wa wata. Suna ɗura masa kunu yana tofarwa. Ina tafe a baya ina jin kukansa, rigata na jiƙewa, ba halin in ce a ba ni. Yarinya ce ni, manya sun yi magana."

"An gwada?" Ummusalama ta tambaya a hankali.

"Wa zai tsaya neman tururuwa a hanya? Kukan ya yi ta raguwa. Wata safiya babu shi. A gindin wata aduwa muka sa shi, muka ɗauki kaya muka wuce."

Ta ɗago hannun da tururuwar ke kai.

"Duk shekarun nan ina cewa ni na kashe shi da nonona. Ashe da sun bar mini shi... da sun bar mini Jibril..."

Sunan ya fito daga bakinta a karye, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Sai yanzu Ummusalama ta gane. Ba zaman Sudan ne ya cinye kunyar Inna ba. Tana nan da kunyarta, ɗan farin ne ba wanda ya sani.

Tausayi ya cika ta har ta manta da ita aka yi faɗa da safe. Ta kama hannun tsohuwar.

"Ya wuce, Inna. Allah ya sa mai ceto ne. Ga wani Jibril ɗin Allah ya ba ki, kuma yanzu a gabanki zai sha ya ƙoshi." Ta ɗaga murya. "Rakiya, kawo shi."

Shiru.

"Rakiya?"

Mata suka waiwaya, kowa na duban ta kusa da ita.

"Mai goyon nan da ke gefen hajiya?" in ji wata. "Ai tun ana tsakiyar tsere ta fita. Ta ƙofar kasuwa."

Ummusalama ta juyo a hankali. Inna ta ɗora hannu biyu a ka.

"Inna, ina ɗana?"

"Na ɗauka za ta mutu."

"Ina ɗana?"

"Wallahi na ɗauka za ta mutu. Na ce kada a ƙwace shi daga hannunki a gaban mutane. Yaye ba a yin sa a idon uwa. Na ce ta je ta hau lori, in an gama na gaya miki."

"Yaron da ba ya karɓar ko ruwa? A bayan lori, cikin ranar nan, har Ƙala'at an-Nahal?"

"Na sani." Muryar Inna ta tsinke. "Na sani. Abin da aka yi mini na yi."

Lasifika ta kama kiran suna. Ummusalama matar Harisu, ta ɗaya, ta zo gaban manyan baƙi. Ummusalama matar Harisu.

Sai ga wata ƙara ta ratso sama da lasifikar, daga can ƙetaren kor. Doguwa, mai lanƙwasa, kamar algaita.

Odar Ɗanliti.

"Ta farko ce ko ta biyu?" Ummusalama ta tambaya. Ba ta gane muryarta ba.

"Ta farko," in ji Ustaza. "Tun ɗazu ban ji wata ba. Bari in nemo mai mota."

"Mota sai ta zagaya ta gada," wata ta ce. "Ga cunkoson buhunan riɗi. Kafin ta kai ya ɗaga."

"Ta cikin kor ya fi kusa."

"Wa zai bi kor? Yashi ne har idon sawu, ita kuma yanzu ta gama tsere."

Ummusalama ta yunƙura. Gajiyar tsere ta mayar da ita, ta dafa ƙasa. Ta laluba majanyin, yatsunta suka kasa kama bakinsa.

Wasu hannuwa suka fizge shi.

Inna ce. Ta miƙe tsaye, ba wanda ya ga lokacin da ta tashi. Ta zagaya majanyin a ƙirjin surukarta, ta ja da ƙarfin da ba a san tana da shi ba, ta ƙulle tamau irin ɗaurin goyon masu tafiyar ƙafa. Ta durƙusa, ita da furfurarta, ta ƙara ɗaure igiyar takalmin da ta ce a cire da safe.

Ta ɗago, fuskarta sharkaf da hawaye.

"Ki ruga, 'yar nan. Ni ban bi nawa ba. Ki ruga!"

Mata suka saki tob suka buɗe hanya.

Ummusalama ta fita. Ta wuce teburin manyan baƙi, mai riƙe da kofin nasara ya miƙo mata ta gifta shi. Ta wuce 'yar Doka da ke zaune tana haki. Ta wuce mai tsaron ƙofa, ta tsallake tiren mai gyaɗa, lasifika na bin ta da sunanta har titi. Ta ratsa tsakanin amalanken jakuna, ta kai gaɓar kor, ta hango ƙurar kasuwar riɗi a ƙetare da kan wani lori shuɗi cike da mutane.

Ƙafarta na nutsewa cikin yashi, odar ta sake tashi.